Birnin da Ke Bayan Gidan Delmar

A garin Gilead Bend, can ƙasan Missouri inda kogi ya yi gwiwa, an yi wani mutum mai suna Delmar Pruitt. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa giredar ƙaramar hukuma yana gyaran hanyoyin burji, kuma tun da ya ajiye aiki bai bar kowa ya manta ba. Cewa yake babu taku ɗaya a faɗin gundumar da bakin giredarsa bai taɓa ba, saboda haka in ya tsaya a wuri ya buga ƙafa sau biyu, ya san abin da ke ƙarƙashi har zurfin rijiya. Yana da wani tsohon akwatin sigari cike da kawunan kibiya na dutse, irin na mutanen farko, kullum yana cikin motarsa. Matarsa Lorene ce ta tsinci mafi yawansu wajen noman lambu, amma wannan ba ya cikin labarin da yake bayarwa.

Bayan ambaliyar da ta kai ruwa har matakalar coci, hukuma ta ce za a ja sabuwar ganuwar tare ruwa. Injiniyoyi suka zana hanya biyu. Ko dai ganuwar ta bi ta bayan gidan Delmar, ta cinye wani tudu da ke can da itatuwan pikan bakwai, masu 'ya'yan da ake fasawa a ci kamar gyaɗa, waɗanda mahaifin Lorene ya dasa, ko kuma ta ratsa gonar waken suyar Hoyt Bascom, yayan Lorene, wanda ke iyaka da su. Kafin a yanke, doka ta ce sai masu binciken kufai sun zo sun duba. In aka sami alamar mazaunin mutanen da a ɗayan hanyoyin, dole ganuwa ta kauce masa.

Da Delmar ya ji haka sai ya ga abu biyu sun faɗo masa a hannu ɗaya. Dama ya daɗe yana faɗin cewa tudun bayan gidansa ba Allah ne ya yi shi haka ba, hannun mutum ne. In ya tabbatar, ganuwa ta koma gonar Hoyt, shi kuma sunansa ya shiga littattafai.

Wadda jami'a ta turo sunanta Dakta Imelda Quiroga, gajeriyar mace mai furfura da faffadar malafa, ba ta cika magana ba. Ranar da ta iso Delmar ya tare ta a shagon abincin Twila, inda mazan garin suke zaman shan kofi tun daga hantsi. Ya ture kwanon ƙwan da take ci gefe, ya ajiye akwatin sigarinsa, ya ce ta kwantar da hankalinta, aikinta ya ƙare tun ba ta fara ba, in ta gama cin abinci zai kai ta ta ga birni. Ta yi godiya, ta ɗauki duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana juyawa, tana tambayar inda aka tsinci kowanne. Ya ce nan da can dai. Ta ce abin takaici ne, domin in ba a san inda dutse ya fito ba, babu abin da zai iya gaya mata. Ta mayar masa da akwatinsa, ta jawo kwanonta.

Daga nan ta shige ɗakin ajiyar takardu na hukuma, ta yi kusan mako tana karanta tsofaffin taswirori, tana bin inda kogi yake gudana kafin ya canja hanya. In ta fito sai ta bi gida gida tana hira da tsofaffi. Delmar ya shaida wa teburin kofi cewa shi dai bai taɓa ganin wanda ya zo neman abin da ke cikin ƙasa ya ɓuge da shaƙar ƙurar takarda ba.

Hoyt, wanda yake zaune a ƙarshen teburin yana juya cokali, ya ce, "Ai kai ya kamata su ba aikin, suruki."

"Su ba ni ko kada su ba ni, ni zan yi shi."

Sai labari ya zo cewa Dakta tana da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, wai daga can ana ganin inda shuka ta fi duhu, alamar tsohon rami ko gindin gini a ƙarƙashi. Delmar ya ce wannan ba ya buƙatar jirgi. Washegari da safe ya rataya madubin hange, ya jingina tsani a jikin rumbun ƙarfe na Hoyt, ya haye har ƙoli. Bai daɗe yana dubawa ba sai ga shi, a gindin tudunsa, ciyawa ta yi wani kore shar a zagaye kamar an zana da igiya. Murna ta sa ya buga ƙafa sau biyu yadda ya saba. Na biyun a kan tsani ya sauka, tsani ya tafi.

Rufin kwano ne, kuma rana ta yi tsaye. Ya yi kira har muryarsa ta dushe. Sai bayan azahar Hoyt ya dawo daga gona ya ɗaga kai, ya tsaya ya kalle shi son ransa, sannan ya kira 'yan kwana-kwana, waɗanda rabinsu mutanen teburin kofi ne. Suna sauko da shi, fuskarsa ta yi ja kamar dafaffen gwaza, yana yi musu bayanin cewa ya gano harsashin zauren majalisar sarakunan da, zagayayye, faɗinsa taku goma sha biyu.

Hoyt ya tambaya ko akwai wani turken ƙarfe a tsakiyar zauren. Delmar ya ce akwai, ya aka yi ya sani?

"Nan Lorene ta ɗaure akuyarta bara. Duk inda igiya ta kai, ta zuba taki."

'Yan kwana-kwana suka sunkuyar da kai suna naɗe igiyarsu. Delmar ya sha ruwa, ya share baki, ya ce dabba ba ta yarda a ɗaure ta a ko'ina ba, akwai abin da take ji a ƙasa wanda ɗan Adam ba ya ji.

A makon nan aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Da aka ɗauke, Dakta ta jera mutanenta a gonakin da aka huɗe, kowa da tazarar taku biyar tsakaninsa da na kusa, suna tafiya a hankali kai a ƙasa. Duk inda ruwa ya wanko tsingaro ko ɓarɓashin dutse, sai su kafa 'yar tuta. Delmar ya tsaya a bakin hanya yana tambayarsu ko ɗan kunnen wa ya faɗi. Amma tutocin sun burge shi. Kwana biyu bayan haka ya tashi ya tarar da irinsu, ruwan lemo, a jere a gefen titi tun daga ƙofar gidansa. Kamfanin waya ne ya kafa su don masu aikin ganuwa su san inda wayarsa ta bi ta ƙarƙashin ƙasa. Delmar bai tsaya karanta rubutun jikinsu ba. Ya ce lallai Dakta ta fara zagayo shi ta baya. Ya tumɓuke su kaf, ya kai kan tudunsa ya kakkafa inda ya ga sun fi kyau.

Lorene tana shanya ta ce, "Delmar, game da tudun nan, akwai maganar da..."

Ya ce ta bari tukuna, kansa a cike yake.

Sannan ya ga mutanen Dakta suna haƙa 'yan ramuka, kowanne bai fi bakin bokiti ba, ɗaya a kowane taku goma sha biyar, suna tankaɗe ƙasar a rariya, suna rubutawa, suna mayarwa su rufe. Ya ce da wannan tafiyar sai jikokinsu su ƙarasa. Ya ɗaura injin huda ramin shinge a bayan tarakta, ya ce shi zai ja nasa layin daga titi zuwa tudu kafin kofi ya huce. Rami na farko ya fito da laka. Na biyu ma laka. Na uku ya fito da wani abu baƙi mai kauri kamar maciji, cikinsa 'yan zaruruwa masu launi-launi, ya nannaɗe a jikin ƙarfen.

Kwana biyu garin Gilead Bend babu waya, babu intanet, babu talabijin. Tsofaffin mata suka rasa wasan kwaikwayonsu na rana a daidai makon da za a bayyana uban jaririn. Fasto ya tsaya ranar Lahadi ya yi wa'azin da ya rubuta da kansa, jama'a suka fito suna cewa ba su taɓa jin gajere haka ba. Twila ta daina cika wa Delmar kofi ba tare da ya roƙa ba. Da ma'aikatan kamfani suka tambayi inda tutocinsu suka tafi, kowa ya nuna musu tudu. Delmar ya ce duk wani babban bincike sai da aka ɗan sha wahala, kuma in tarihi ya zo rubutawa ba zai tambayi wanda ya rasa talabijin ba.

A lokacin Dakta ta koma gonar Hoyt, can wajen tsohuwar hanyar kogi, ta shimfiɗa igiyoyi a layi, tana tura wata na'ura mai ƙafafu kamar keken jariri, ta je ta dawo, ta je ta dawo. An ce na'urar tana jin inda aka taɓa hura wuta ko kafa dirka ko da shekara dubu ta wuce. Delmar ya ce shi ma yana da irinta. Ya ɗauko na'urar gano ƙarfe da ya saya tun zamanin da yake neman zoben aurensa a bakin ruwa, ya ɗaure ta tamau da waya a gaban injin yankan ciyawarsa, irin wanda ake hawa. Yana kunnawa ta fara ƙara. Ya yi gaba, ƙara. Ya yi baya, ƙara. Ya zagaya tudu, ya zagaya gida, ya fita titi, ba ta yi shiru ko sau ɗaya ba. Idonsa na kan allurar da ke rawa, bai san ya shiga lambun Lorene ba sai da ya fita ta ɗaya gefen, ya bar layi uku na tumatir a kwance.

Da yamma ya sanar a shagon Twila cewa birnin ya fi yadda ya zata, ya shiga har ƙarƙashin titi, kuma ko'ina ƙarfe ne. Dakta tana teburin gefe tana cin soyayyar tarwaɗa. Ta ce a iya saninta mutanen wancan zamani a nan ba su aiki da baƙin ƙarfe. Ya ce waɗannan suna yi, shi ya sa abin ya zama babba. Hoyt ya tambaya ko injin ciyawar na katako ne. Delmar ya yi kamar bai ji ba, ya miƙe tsaye ya ce ranar Asabar da hantsi zai buɗe tudu a gaban kowa, wanda yake so ya ga tarihi da idonsa ya zo da kujerarsa.

Dakta ta ajiye cokali, ta bi shi har mota.

Ta ce, "Malam Pruitt, don Allah kada ka tona. In akwai abu a ciki, za ka lalata shi. In babu, kai za ka yi asara. Zan iya gaya maka abin da ke cikin tudun nan yanzu, mu biyu kawai."

Ya yi murmushin wanda ya gano wayo. "Ki faɗa yau, gobe a ce ke kika fara faɗa? Riƙe abinki, Dakta. Za a ajiye miki kujera a gaba."

Hoyt kuwa da kansa ya kawo masa aron motar haƙa, ya cika mata mai, har ya goge mata gilashi. Shekara arba'in da suke surukai Hoyt bai taɓa ba shi aron ko guduma ba sai an kai ruwa rana, amma Delmar ya ɗauka girmamawa ce ta zo a makare. Ranar Juma'a Lorene ta sake cewa tana da magana a kan tudun. Yana gaban madubi yana gwada huluna. Ya ce duk maganar da take da ita ta jira bayan Asabar. Ta dube shi ta madubin, ta ce to.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Mutane suka cika bayan gidan da kujeru masu naɗewa. Matan coci suka kafa tebur suna soya tarwaɗa da fanken masara. Mai rubuta jaridar gunduma ta zo da kyamararta. Shugaban injiniyoyin ganuwa ya zo da ɗan littafinsa ya tsaya a inuwa. An kawo har Malama Opal Renfro, wadda ta koyar da rabin garin karatu, tana da shekara tamanin da takwas, aka zaunar da ita a gaba kusa da Dakta. Delmar ya fito da farar hula da lakataye. Ya yi jawabin da ya fara daga kakansa, ya bi ta kan gireda, ya zo kan masu digiri waɗanda ba su san warin ƙasa ba. Sannan ya hau mota.

Ba a raina shi a tuƙi ba, wannan kam an yarda. Cokalin motar ya shiga gefen tudu kamar ana yankan burodi. Ɗiban farko ƙasa ce. Na biyu ya fito da gawayi da jajayen tubala a ƙone. Jama'a suka ɗan matso. Delmar ya leƙo ya ce wannan bangon gidan bauta ne, abokan gaba suka cinna masa wuta. A ɗiba na biyar wani abu fari ya ƙyalla a cikin ramin.

Ya diro bai ko kashe motar ba. Ya ga yadda Dakta take share ƙasa da buroshi, shi ma ya tanadi na fenti a aljihu. Ya durƙusa yana sharewa a hankali, wani farin baki mai lanƙwasa, sumul, yana fitowa. Mai jarida tana ta ɗauka. Ya ɗago ya ce ko a manyan gidajen tarihi babu tangaran irin wannan, tukunyar sarki ce, a ciki ake zuba masa ruwan sha ranar naɗi. Ya kira mutum biyu suka taya shi ciccibo ta, suka ajiye a kan ciyawa a gaban kowa, ƙasa tana zubewa daga jikinta.

Jama'a suka miƙo wuya suna kallo. Abin yana da faffadan baki, da siririn gindi, da lanƙwasasshen maƙogwaro ta baya. Babu wanda ke wurin da bai da irinsa a gida, sai dai wannan ƙarami ne, bai wuce gwiwar yaro ba.

Malama Opal ta gyara tabarau, ta ce a juya mata bayansa. Aka juya. Ta nuna wani tsagi da sandarta.

"Na bayan gidan 'yan aji ɗaya ne. Na biyu daga taga. Shekara uku ina rubuta takarda a zo a gyara tsagin nan."

Wani daga baya ya shaƙe da fanke. Delmar ya ce kamanni ne kawai, mutanen da ma suna da buƙata irin tamu. Ya koma ramin da sauri don ya nemo abin da zai wanke shi, ya sa hannu ya ja ƙasa, sai ga baki na biyu. Kusa da shi na uku. Ƙasar gefen ta zabtare da kanta, ta buɗe su a jere, goma sha ɗaya, sun buɗe baki suna kallon sama, da guntun allon bango a kansu wanda har yanzu ana ganin layukan koyon rubutu a jikinsa.

Dariyar ba ta tashi gaba ɗaya ba. Daga wajen matan coci ta fara, ta bi layi layi, har fasto ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Tsofaffin da suka yi makarantar suka taso suna leƙe, kowa yana neman wanda ya saba zama a kai. Twila ta ce nata na ƙarshe ne, don shi ne ba ya malala.

Ana cikin haka motar haƙa, wadda aka bari tana ruri a bakin rami a kan tarkacen da ba shi da ƙwari, ta fara sunkuyawa. Mutane suka watse. Ta zame a hankali kamar saniya za ta sha ruwa, hannunta ya juya ya maƙalo babbar bishiyar pikan ta gefe, ya tafi da ita har saiwa, ita kuma ta faɗa kan ta kusa da ita. Babu wanda ya ji rauni. Teburin tarwaɗa ne kawai ya tafi ƙarƙashin rassa. Murmushin da Hoyt yake yi tun safe ya ragu da rabi, don motarsa ce a kife.

Lorene ba ta yi dariya ba tun farko. Ta zo ta tsaya a kan saiwar da ta fito fili, ta dafa ta. Sannan ta faɗa, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, cewa shekarar da tsohuwar makaranta ta ƙone tana 'yar shekara bakwai, mahaifinsu aka ba aikin kwashe tarkacen. Ya rasa inda zai kai, ya jibge a bayan gida, ya rufe da ƙasa, ya dasa itatuwa don kada uwarsu ta riƙa ganin abin. Yaya Hoyt ma a bayan motar kwashe tarkacen yake zama duk sawu.

Delmar ya dubi Hoyt. Hoyt ya dubi motarsa. Delmar ya juya wajen Dakta ya tambaya ko ta sani. Ta ce tun kwana na biyu da zuwanta. Hoton sama na kafin gobarar babu tudu a wurin, fili ne. Sai ta zo gidan ta zauna a kicin ta tambayi matar gida, a lokacin shi yana shagon Twila.

"Ke kuma me ya hana ki gaya mini?"

Lorene ta ce, "Cewa ka yi bayan Asabar. Yau Asabar. Da gobe zan faɗa maka."

Shugaban injiniyoyi ya rufe littafinsa, ya zo ya miƙa wa Delmar hannu. Ya ce da gaske yake godiya, ba su taɓa samun mai gida da ya tabbatar musu da kansa, a gaban shaidu ɗari, cewa babu komai a filinsa ba. Ya ƙara da cewa ramin ma ya rage musu aiki.

Kwana goma bayan haka Dakta ta ba da rahotonta. Akwai kufai, babba kuwa, gidaje fiye da arba'in da fili a tsakiya, shekarunsa sun kai ɗari takwas. Yana gonar Hoyt, a bakin tsohuwar hanyar kogi, a kan wani ɗan tashi da bai kai gwiwa ba, wanda in ba an nuna maka ba ba za ka ce ƙasa ta tashi ba. Hanyar burjin da ta bi gefensa, Delmar ne yake share ta duk bazara shekara talatin da ɗaya. Tunda al'adar aikin ita ce a sa wa wuri sunan mai gona, aka rubuta shi Kufan Bascom. Hoyt, wanda bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba, ya shiga littattafai. Ganuwa kuma ta bi ta bayan gidan Delmar, ta haɗiye tudu da abin da ke ciki, da itatuwa huɗu cikin biyar da suka rage.

Kwana tara Lorene ba ta ce masa ko sannu ba. Tana ajiye masa abinci, ta ɗauki nata ta fita baranda. Shi ma bai je shagon Twila ba. A rana ta goma ya shigo da kwali cike da 'yan tsiron pikan da ya bi ya tsinto a ƙarƙashin itatuwan kafin katafila ta iso, kowanne a cikin gwangwanin kofi, ya ajiye a gabanta ya tsaya yana murza hula. Ta ƙirga su da ido, ta ce rabinsu ciyawa ce. Amma ta matsa masa a benci.

Da ya sami ƙarfin fita, gonar Hoyt ya nufa, don ya ga yadda masu digiri suke buɗe birni. Ya tarar da ramuka biyu kacal, kowanne kamar faɗin tebur, an ja musu zare, ana kankare ƙasa da cokalin magina. Tare da Dakta akwai wata dattijuwa mai suna Ramona Lookout, wadda ta zo daga Oklahoma a madadin jikokin mutanen da suka zauna a wurin. Delmar ya tambaya yaushe za a fara tonon na gaske. Dakta ta ce an gama. Sun ga abin da suke son gani, gobe za su rufe, Hoyt ya yarda a bar wajen ya koma ciyawa. Delmar ya ce bai gane ba, a yi wata biyu ana neman abu, a same shi, sannan a rufe? Shi in an ba shi mota, yini ɗaya...

Dattijuwar ta ce, "Na ji labarin aikinka, Malam Pruitt. Har can wajenmu hoton ya kai."

Ya cire hula, ya mayar.

Ta ce mutanenta ne a kwance a nan, kuma ba su kira kowa ya tashe su ba. Abin da take tsoro shi ne masu zuwa da shebur a ɓoye in labari ya bazu. Suna neman wanda zai riƙa sa ido, mutumin da yake kusa, ba shi da aikin yi, kuma ba ya gajiya da magana. Ta dubi Dakta, Dakta ta dubi sama. Dattijuwar ta ce in mutum irinsa ya ce wa wani kada ka tona, ai babu wanda zai ce bai san abin da yake faɗa ba.

Delmar ya gyara tsayuwa. Sannan ya tambaya ko aikin yana da hula. Aka ce za a nemo.

Haka aka yi. Yau in ka bi hanyar burjin nan za ka gan shi a bakin wani fili mai ciyawa wanda babu abin gani a cikinsa, yana zaune a kujera mai naɗewa da koriyar hula. In ka yi kuskuren rage gudu, zai tare ka ya yi maka bayanin cewa kowane sakarai yana iya haƙa rami, gwanintar aikin tana wajen sanin inda ba a taɓawa, kuma a duk faɗin jihar babu wanda ya ƙi tona birni mai girman wannan, na tsawon wannan lokaci, kamar shi. Shebur ɗin gidansu kuwa yana ɗakin ajiya a kulle, makullin yana wuyan Lorene.